Bas a Ƙofar Gida

Shekara ashirin da wani abu Direba yana jan doguwar bas daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, kuma bai taɓa daɗewa a gida har tawul ɗinsa ya bushe ba. Ya shigo, ya yi wanka, ya ci abinci, ya tambayi 'ya'yansa mata biyu ajinsu nawa, ya yi barci, ya fita. Matarsa tana aiki a sashen wanki na babban asibitin gari, ita ke riƙe da gidan.

A rediyon mota ya fara jin labarin annobar, lokacin tana can wata ƙasa mai nisa. Fasinjoji suka yi ta musu a bayansa. Wani ya ce ba ta son zafi, wani ya ce ta masu hawa jirgi ce. Wanda ya fi kowa rantsuwa cewa ƙarya ce, shi ya fara canza kujera da wata tsohuwa ta yi tari. Ba a jima ba aka rufe filin jirgi, aka rufe makarantu da kasuwa, aka zo kan tasha. Manaja ya tara direbobi, ya yi dogon jawabi ta cikin takunkumi, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Daga baya aka gano abin da ya ce: kowa ya tafi da motarsa gida, za a sa wa tashar kwaɗo.

Haka bas mai kujera sittin ta zo ta tsaya a layinsu, ta toshe wa tela maƙwabcinsu hasken taga. Tela bai yi ƙorafi ba, ya ce dama ba mai kawo ɗinki.

Zaman gida ya zo wa Direba da abubuwan mamaki. Bai san inda ake ajiye cokali ba. Duk kujerar da ya zauna a kai, sai ya ga wata ta tsaya a kansa cikin ladabi tana jira ya tashi. Ya kalli autarsa ya ce, "Ke, yaushe kika fara sa tabarau?"

"Tun bara waccan, Baba."

"To, ya yi miki kyau."

Ya kwance fanka mai lafiya ya gyara ta, daga ranar ta fara ƙara. Babbar 'yarsa ta kawo masa shayi, ta durƙusa ta ce, "Baba, ba su faɗi ranar da za a buɗe hanya ba?" Ya ce ba su faɗa ba. Ta ce Allah ya sa a buɗe da wuri, auta ta amsa da amin daga ɗaki.

Matarsa kaɗai ke da takardar izinin fita, don asibiti ba ya rufewa. Sai dai babu tasi, babu babur, a ƙafa take zuwa ta dawo. Wata rana da yamma ya gan ta zaune ta tsoma ƙafafunta a roba, sun kumbura har idon sawu ya ɓace.

"Gobe ni zan kai ki," in ji shi.

"A wannan gidan saman?" in ji ta, tana nuna bas.

"Ita ke akwai."

Da safe ya tayar da mota ya buɗe ƙofa. Ta hau ta wuce shi, ta yi ta tafiya har kujerar ƙarshe, ta ce dokar ba da tazara ce. A shingen bincike wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Ina fasinjojin?"

"Ga ta can."

Ɗan sandan ya taka har baya, ya duba takardarta, ya dawo ya tsaya yana kallon kujerun da ba kowa. "Ba ta yi muku kaɗan ba?" Direba ya ce suna maneji.

A nan ne kuma ta bayyana cewa bai san garinsu ba. Ya san kowane rami a babbar hanya, amma a cikin gari hanyar tasha kawai ya sani. Daga can baya take ɗaga murya: "Hagu, baban yara! Hagu na ce! Wannan layin ba ya ɓullewa!" Sai da ya yi baya da bas tsawon layi guda, mutane suna kallonsa ta taga, don ba su da wani abin kallo.

Kafin mako ya zagayo fasinjoji sun ƙaru. Matarsa ta hango nas biyu suna sauri a gefen titi ta ce ya tsaya. Sai mai dafa abincin asibiti, sai wani dattijo mai gadi da yake gaishe da Direba sau uku kafin ya zauna. Kowa da layin kujerunsa, tagogi a buɗe, hira kuwa sai da ihu. Titunan da ya saba gani a cushe sun zama fili, shaguna a garƙame, karnuka suna barci a tsakiyar kwalta. Fitilar kan hanya ta ba shi ja, ya tsaya shi kaɗai yana jira, ba komai a gabansa.

Ranar da matarsa ta ce ba ta jin ƙamshin sabulu, ya yi dariya ya ce ai hutu ta samu. Ita ba ta yi dariya ba. Washegari zazzaɓi ya rufe ta, aka gwada ta, aka riƙe ta a hawa na uku inda ba a shiga. Shi da yara aka ce su killace kansu a gida.

Babbar 'yar ta koya masa dafa shinkafa, ta kuma koya masa kankare tukunya, don darasi na biyu kullum yana biyo na farko. Waya kuwa ba ta barin hannunsa. Wani lokaci matar ta ɗauka ta yi magana biyu numfashi ya hana ta, wani lokaci nas ce za ta ce an sa mata iska, a ci gaba da addu'a. A irin wannan kira aka gaya masa dattijo mai gadi ya rasu. Direba ya fita ya shiga bas, ya goge kujerar da tsohon ke zama, ya goge ta kusa da ita, bai tsaya ba sai da ya goge duka sittin. Auta ta biyo shi da wani tsumma.

Da aka sallame su daga killacewa ya koma ɗaukar ma'aikatan. In ya sauke su sai ya ja motar ƙarƙashin tagar hawa na uku, ya kashe, ya fito ya tsaya. Kwanaki yana yin haka ba ya ganin kowa sai labule. Wata safiya wayarsa ta yi ƙara.

"Ina ganinka," in ji ta. Muryar ta yi siriri. "Ka yi fakin a karkace. Kuma wannan rigar ba a goge ta ba."

"An goge ta."

"Wa ya goge?"

"Ni."

"Shi ya sa."

Ya koma cikin mota ya kifa kansa a kan sitiyari ya daɗe, sannan ya gyara fakin ɗin.

Ta fito ta rame, zani yana zagaye ta sau biyu, amma da ƙafarta ta hau bas. Bayan wasu watanni aka buɗe hanyoyi, manaja ya kira ya ce a fito, rabin kujeru za a cika, kowa da takunkuminsa. Direba ya ɗauki jakarsa ya tayar da mota. Yana isa kwanar farko ya ga nas biyun nan a tsaye, ga mai dafa abinci a bayansu. Tasi sun dawo, suna ta wucewa, amma ba su tsayar da ko ɗaya ba. Ya taka birki ya buɗe ƙofa.

Ya isa tasha a makare, fasinjoji sun cika rumfa suna tsaki. Manaja ya tambaye shi abin da ya tsare shi. Direba ya ce asibiti ya biya.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gobe ma in ina gari zan biya."