Katifa Ɗaya, Sau Goma Sha Ɗaya

Su uku ne a gaban motar. Baba shi ne direba, mutum mai sanyin hali, shekara goma sha huɗu yana jan motar kamfanin katifa bai taɓa goge ko keken wani ba. Baffa ƙaninsa ne, shi ke lodi da sauke kaya. Yana da ƙarfi, yana da dabara, sai dai dabarar tasa kan riga tunaninsa fitowa. Ta ukun ita ce Auta, 'yar shekara tara. An yi hutun makaranta, Baba ya taho da ita ta riƙe masa takardun kaya, don duk gidan ba mai saurin karatunta. Suna da katifa goma sha biyu a bayan mota, sun kuma samu wurin tsayawa, abin da ba kullum ake samu a titin nan ba. Abu ɗaya suka rasa: mai shagon da za a sauke wa kayan.

Shagon a garƙame yake. Baba ya kira shi a waya.

"Ga ni nan, na kusa," in ji mai shago.

Baba ya kashe wayar. "Wanka yake yi. Ina jin ƙarar ruwa."

Titin matsattse ne, shaguna hagu da dama, wurin sauke kaya ɗaya tak, an zagaye shi da fenti ruwan ɗorawa. Auta ta karanta musu allon da ke kafe a gefe. Ba a barin motar kaya a titin bayan ƙarfe tara. Mota ba ta tsayawa sai ana cikin sauke kaya. Ba a ajiye kaya a hanyar masu tafiya a ƙasa.

Baba ya share goshi. Idan ya tafi, ba zai samu dawowa kafin tara ba, manaja kuwa ya ce yau ɗin nan za a kai katifun. Idan ya tsaya, takardar gargaɗi biyu ya riga ya karɓa a bana. Ta uku ita ke sa a ƙwace izinin shiga tsakiyar gari, kamfanin kuma ba ya riƙe direban da ba shi da izini.

Suna cikin haka sai ga jami'in titin, wanda direbobi ke kira Mai Alli, don da alli yake shata tayar mota ya rubuta lokacin zuwanta. Ya gaisa da Baba, ya duƙa ya yi zanensa, ya tsallaka ɗaya gefen ya jingina da turken wuta.

"Yaya, kwantar da hankalinka," in ji Baffa. "Ƙofa nawa motar nan take da ita?"

"Biyu. Me ka ƙulla kuma?"

"An ce a riƙa sauke kaya. To, zan sauke."

Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗora katifa ɗaya a ka, mai zanen furanni ja. Ya taka a hankali ya zagaya ta ɓangaren da Mai Alli ba ya gani, ya cusa ta ta ƙofar gefe. Ya shiga ya turo ta baya, ya sake ɗauka.

A zagaye na uku mai aski ya fito da almakashi a hannu. A na biyar tela ta tsayar da kekenta, ta leƙo ta saman tabarau.

"Bawan Allah, katifun nan naku duk uwa ɗaya ta haife su? Har yagewar ledar iri ɗaya!"

"Hajiya, aikin inji ne," in ji Baffa, yana haki.

Daga nan ya shiga sauya kama. Ya juya katifar ciki ya koma waje. Ya cire hula. Ya mayar da hula. A zagaye na tara har ɗingishi ya ƙara, wai a zaci wani lebura ne daban. Baba dai ya kifa kai a kan sitiyari.

Mai Alli ya tsallako. Bai kula Baffa ba, ya nufi tagar da Auta take.

"'Yan mata, ke ce mai takardu?"

"Ni ce."

"Katifa nawa aka sauke?"

Auta ta dubi Baba, ta dubi Baffa da ke ƙifta mata ido daga ƙarƙashin katifa. A makaranta ba a koya mata amsa biyu ga lissafi ɗaya ba.

"Ɗaya," ta ce. "Amma sau goma sha ɗaya."

Mai aski ya yi dariya har ya zauna a dakali.

"'Yar nan kin kashe mu," in ji Baffa.

"Gaskiya ta faɗa, yallaɓai," in ji Baba a hankali. "Mai kayan ne bai iso ba."

Mai Alli ya zaro littafinsa, ya buɗe, ya cire murfin biro. Ya ɗan jima yana kallon shafin.

"Goma na ƙirga, ashe ɗaya ta wuce ni," ya ce. "Direba, na ba ka minti goma. Ko motar ta zama wayam, ko in rubuta. Kada kuma in ga katifa a kan hanya."

"Yallaɓai, ina za mu zuba su? Shagon a kulle yake."

"Shi kaɗai ne shago a titin nan?" in ji tela. "Ku kawo huɗu, sai dai in yi ɗinki a tsaye."

Mai aski ya karɓi uku, mai kemis uku. Mai gyaran takalmi, wanda shagonsa bai fi ɗakin wanka ba, ya ce a tsayar masa da biyu, shi ya fito waje da kujerarsa. Baba ya tuɓe riga ya kama. Auta tana tsaye a bakin mota tana rubuta inda kowace ta shiga. Baffa, da ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa a kan katifa ɗaya, yana tafe yana tangaɗi, ɗingishin ma yanzu na gaske ne.

Saura minti ɗaya aka rufe ƙofar baya. Mai Alli ya mayar da murfin bironsa, ya goge zanen allin da takalmi.

A lokacin mai shago ya sauka daga babur, yana ƙanshin sabulu.

"Ina kayana?"

Auta ta miƙa masa takarda. "Huɗu wajen Hajiya, uku a kemis, biyu wajen mai takalmi. Na wajen mai aski sai ka ɗan jira, wani tsoho ya kwanta a kan ɗaya."

Baba ya tayar da mota. Ba su gama fita ba wata ƙaramar motar madara ta kutso cikin fentin, ruwan ƙanƙara yana ɗiga ta ƙarƙashinta. Direbanta ya diro da gudu yana duba agogo, tara saura minti huɗu.

"Tun muna zagaye na biyu yake kewaya titin nan," in ji Baba. "Shi ma gargaɗi biyu gare shi."

Baffa ya sunkuyar da kai. Auta ta juya tana kallon mutumin ta madubi yana jidar kwalaye biyu biyu. Ranar ta gane cewa duk mintin da suka ɓata a wurin tsayawar nan, na wani ne da ke jira a baya.