Kwamfutar Mama Mai Buga Takardu

A makarantar kowa Injiniya yake kirana, ko da yake kwas na wata tara kawai na yi a kan gyaran kwamfuta. Sunan ya yi mini daɗi, don haka ban taɓa hana kowa ba. Talata da Alhamis nake zuwa in duba kwamfutocin ɗalibai da guda biyu na ofis.

Ɗaya daga cikin na ofis ta Mama ce, mai buga takardu. Shekararta ashirin da uku a kan teburin nan na bakin taga, tun zamanin tafireta. Ta san ni tun ina ɗalibi da gajeren wando, kuma duk ranar da na shigo sai ta tambaye ni ya ƙafar mahaifiyata.

Ana saura sati uku jarrabawa kwamfutarta ta fara ba ta wahala. Tana cikin buga tambayoyi sai komai ya tsaya cak, allon ya koma shuɗi, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Wani lokaci kuma sai ta fito da rubutu cewa faifan ajiya yana da matsala, wato abin da ke riƙe duk aikin da aka adana a ciki.

Na zo na share ƙura, na duba fanka, na nemi ƙwayar cutar kwamfuta ban samu ba. Faifan kuwa ban ko kalle shi ba, domin a tunanina na riga na canza shi a zangon da ya wuce.

"Ɗana, akwai wata ƙara da take yi kafin ta tsaya," in ji Mama. "Ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin katako. Ga shi duk na rubuta."

Ta miƙo mini wani ƙaramin littafi. Rana, lokaci, da abin da take yi sa'ad da ta tsaya, layi bayan layi. Na karɓa na ajiye a kan firinta ba tare da na buɗe shafi na biyu ba.

"Mama, faifan nan sabo ne. Yadda kike kashe ta ne. Idan aka kashe daga makunnin bango, dole ta riƙa yin haka."

"Ban taɓa kashe ta daga bango ba."

Na yi murmushi irin na wanda ya fi sani.

Da abin ya kai sau huɗu a rana, Shugabar makaranta ta kira ni ɗakin malamai lokacin tara. Kowa na zaune da kofin shayinsa, Mama na tsaye bakin ƙofa. Shugaba ta ce in faɗa mata gaskiya, kwamfutar ce ko me?

Na gaji da a ce na kasa. Na ce, "Ranki ya daɗe, injin lafiyarsa ƙalau. Hannu ne. Kin san abin zamani, sai mai sabon jini."

Wani malami ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Mama ta dube ni sau ɗaya, ta gyara gilashinta, ta fita. Washegari aka mayar da ita sito tana raba alli da littattafai, aka ɗora malamar lissafi a kan teburinta.

Kwana biyu kacal malamar lissafi ta yi. Ranar Talata ina shiga na same ta ta dafe kai. Kwamfutar ta tsaya, ta tashi, kuma tambayoyin aji uku da na aji biyar sun ƙi buɗewa. Na ce ta ba ni wuri. Da ta fita ofishin ya yi tsit, sai na ji shi da kunnena: ƙas, ƙas, ƙas.

Na kwance murfin na haska ciki. A jikin faifan akwai rubutu da baƙin alƙalami mai kauri: "Tsoho. Na wucin gadi." Rubutun hannuna ne.

Sai komai ya dawo mini. Zangon da ya wuce faifan Mama ya mutu, sabon da aka yi oda bai iso ba, na ciro wannan daga wata matacciyar kwamfuta don ta lallaɓa. Sabon ya iso ranar da matata ta fara naƙuda. Na jefa shi a durowa na ruga asibiti. Na tashi na je ɗakin kwamfutocin ɗalibai na jawo durowar. Ga shi nan ƙarƙashin wayoyi, cikin ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni. Na rufe ƙofa, na kwashe abin da ya kwasu daga tsohon faifan, na sa sabon, na cusa tsohon cikin jakata. Da Shugaba ta leƙo na ce mata wata 'yar matsala ce ta ciki, na shawo kanta. Ta ce Allah ya yi mini albarka. Na amsa da amin.

Da yamma matata ta ajiye mini abinci ta ga ina juya cokali. Na ba ta labari duka, ina jira ta ce ai kuskure ne. Ta gyara wa jaririn kwanciya a kafaɗarta ta ce, "To, ita Maman tana ina yanzu?"

"Tana sito."

"Kai kuma kana nan kana shan albarka."

Ta tashi ta shige ɗaki da jaririn.

Ranar Alhamis na wuce sito kai tsaye. Mama na zaune a kan kwalin littattafai, hannunta fari fat da alli. Na durƙusa, na fito da tsohon faifan na nuna mata rubutun. Ta karanta a hankali, ta mayar mini.

"Na san ba ni ba ce," ta ce. "Amma kwana biyun nan har na fara tambayar kaina ko na tsufa ɗin da gaske. Wannan ne ya fi yi mini ciwo."

"Ki yafe mini, Mama."

"Na yafe. Amma a gaban mutane ka faɗa, ɗana. Ba a sito ba."

Lokacin tara na tsaya a ɗakin malamai, faifan a hannuna. Na faɗi yadda aka yi, har da ɓoyewar da na yi ranar Talata. Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Shugaba ta ce daga yau duk abin da na canza a injin makaranta in rubuta in kawo mata ta sa hannu. Ta tashi da kanta ta je sito ta taho da Mama.

Tambayoyin jarrabawa ba su ɓata ba, domin tun da matsalar ta fara Mama take fitar da kowane shafi a takarda tana adanawa. Amma rajistar ɗalibai ta shekara shida ta tafi da wurin da faifan ya lalace. Na gwada duk dabarar da na sani har sati guda, ban ceto ko rabi ba.

Sai da aka ciro tsofaffin fayiloli daga kabad aka sake bugawa daga farko. Na roƙi Shugaba ta bar ni in taya. Wata ɗaya da rabi, duk Talata da Alhamis idan na gama zagayena, nakan jawo kujera kusa da Mama in riƙa karanto mata sunaye da ranakun haihuwa, ita kuma tana bugawa. Ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Sau da yawa takan gama layi ta ɗaga yatsunta tana jirana in nemo inda na tsaya.