Akwatin Ishaya Babu Kowa Ciki

Junaidu ɗan Malam Siddiƙu, kai ka binne mijin Laraba ba da saninta ba. Na san ba kai ka riƙe shebur ba, amma kana tsaye, bakinka a rufe, har aka gama tura ƙasa. Ni Dijatu ta Runjin Sambo na faɗa, kuma na sa an rubuta yadda ya fito daga bakina, tunda ban yi boko ba.

Ran nan bayan la'asar ina ƙofar gida ina kankare tandar masa, sai ga Mode, mai kawo mini itace daga bayan gari, ƙafafunsa duk jar ƙasa.

"Inna, kin ji an yi rashi? Yanzu muka kai Malam Tukur."

"Wane Malam Tukur?"

"Na talabijin mana. Ya hwaɗi Ƙohwar Atiku da hantsi. Wallahi Inna, jama'a awa ranar Idi."

"Kun kai shi asibiti?"

"Makwancinai, Inna. Har da ni cikin masu ɗaukar makara."

Tanda ta suɓuce mini. Bayan katanga ina jin taɓaryar Laraba, tana dakan tuwon da mijinta zai ci in ya dawo. Mijin nan nata shi ne Malam Tukur. Sunansa Ishaya, mutumin ƙasar Zuru, kafinta, Kirista ɗan Kirista.

Tun yana saurayi ya kama haya jikin gidanmu. Masu majigi suka fara ɗaukarsa, yau ɗan doka, gobe ɓarawon akuya, jibi manomin da ya ƙi takin zamani. Ba ya daɗewa a bango, amma in ya fito sai fili ya ɗauki dariya. Da kuɗin mai suka shigo aka buɗe gidan talabijin, kai Junaidu kana shirya wasanni, ka sa ya riƙa fitowa a matsayin Malam Tukur, malamin da ke sasanta rigimar unguwa. A zauren marigayi maigidana ya koyi abin. Yana gyara mana ƙyaure yana kallon yadda malamai ke gyaran murya, da yadda suke jan carbi in magana ba ta yi musu ba. Ya bar gemu. In ya naɗa rawani, ni kaina sai na ji ina son in durƙusa.

Kai ka hana a sa sunansa na gaskiya a ƙarshen wasa. Ka ce Gwamnan soja na kallo, manyan gari na kallo, ba a son surutu. Ishaya ya bi lungunmu gida-gida ya roƙe mu mu yi shiru, muka yi. Ran Lahadi ta bayan gida yake zagawa zuwa coci. Duk ranar ɗaukar wasa sai ya cire ɗan gicciyen da ke wuyansa ya rataye a ƙusa jikin ƙofa, ya ce da Laraba, "Riƙe mini Ishaya, Tukur zai fita." Ran nan ma haka ya yi.

Na shiga gidan. Laraba ta ɗago tana share zufa.

"Inna, lafiya? Kin shigo ba sallama."

"Aje taɓaryag ga."

"Me ya faru?"

"Aje, na ce."

Da na gaya mata ya rasu ba ta yi ihu ba. Ta ɗaura zani, ta ɗauko mayafi, ta ce, "Yana ina? Mu je in gan shi." Na kawar da kai. Ta sake tambaya. Na ce an riga an rufe shi. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Wa ya rufe shi? Ni ina nan. Tun safe ina nan, Inna."

Abin da ya faru, daga baya limamin wurin ya zo da kansa ya faɗa mana. An ɗauki wasa a Ƙofar Atiku, aka tashi, Ishaya ya tsaya sayen goro da rawaninsa da babbar rigarsa. Jiri ya kwashe shi. Kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Mutane suka gane fuskar, suka ce Malam Tukur ne. Lokacin bazara ne, zafi ba ya barin gawa ta jira. Aka tambayi danginsa, ba wanda ya sani, sai aka aika gidan talabijin. Kai ka zo, cikin farar motar ofis. Liman ya tambaye ka a gaban jama'a ko yana da iyali a gari. Ka ce, "A ci gaba, malam." Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, ka shiga sahu.

Ban riƙe liman ba, ban riƙe su Mode ba. Sun ga malami ya faɗi, sun yi masa abin da suke so a yi musu. Dattijon nan ya zauna a ƙofar Laraba yana hawaye, ya ce da an furta kalma ɗaya, da shi zai riƙe makarar har gidan nan.

Washegari na riƙe hannun Laraba muka tafi maƙabarta. Aka tsayar da mu a baki, mata ba su shiga. Dodo, mai haƙa kabari, ya fito yana sosa ƙeya. Sanƙarau ya yi ɓarna a makon, sababbin kaburbura a jere, duk ƙasa ɗaya, kuma jama'a sun tattake wurin.

"Ko wanga na, ko wancan na gabanai," in ji shi, yana nuni daga nesa. "Ba ni son in yi maku ƙarya. Mai hwarar mota shi yat tsaya wajen kai har aka ƙare. Shi ka iya sani."

Muka zo ofishinka. Sojan ƙofa ya tare mu da bindiga, na ce ya harbe ni in ya ga dama, ni na goya ogan da ke ciki ranar da uwarsa ta kwanta ciwo. Ka fito da sauri, ka ja mu gefen mota.

"Inna, don Allah sassauta murya."

"Ba ni sassautawa. Ga matar Ishaya. Dibe ta."

Ba ka dube ta ba.

"Inna, kin san garin ga. Mutane sun yi shekaru suna kai mashi ɗiyansu shi shafa masu kai. In na ce ba Musulmi ba na, cikin taron nan, mi kike tsammani? Ni za a fara jifa. A rufe shirin, a kai ni bariki."

"Sai ka ce shina da mata. Iyakar abin ke nan. Shina da mata Runjin Sambo, a jira ta."

"An yi mashi sutura da daraja. Mi ya rage?"

Sai Laraba ta yi magana, a hankali. "Ranka ya daɗe, ba na neman a tono shi. Ka nuna mini wanne ne. 'Ya'yansa na makaranta a Zuru, za su zo su tambaye ni."

Ka ce za ka zo gida ku yi magana. Damina ta faɗi, ta wuce, ba ka zo ba. Amma kowane mako kana sake sa tsofaffin wasanninsa, muryarsa na fitowa daga akwatin talabijin na maƙwabta, Laraba ta shige ɗaki ta toshe kunne da zani.

Ayuba, abokin aikinsa a kafinta, bai ji an riga an binne shi ba sai da ya gama akwatin gawa ya kawo a kai. Laraba ta hana a mayar. Ta ninke kwat ɗinsa ta Lahadi ta sa a ciki, ta ɗora gicciyen a sama.

To ka ji, Junaidu. Ka fito a talabijin ɗin nan naka ka faɗi sunansa, Ishaya, da bakinka. Sannan ka zo ka ɗauki matarsa a farar motar nan, ka tsaya bakin maƙabarta ka nuna mata da yatsa. In ruwa ya shafe wurin, ka faɗa mata haka ido cikin ido. Akwatin na nan ƙarƙashin dogon yaro, murfinsa a jingine, kowace safiya tana share ganyen da ya zuba ciki. Ka san lungun.