Motar Fintan Ba Ta Kai Kwalta Ba

Ƙanena Fintan bai taɓa son tumaki ba, su ma ba su damu da shi ba. Yana shekara ashirin ya samu aiki a wani gareji a garin Sligo, da sharaɗin ya zo da motarsa, don bas ba ta biyowa ta ƙauyenmu sai Talata da Juma'a. Maimakon ya nemi 'yar ƙarama irin ta kowa, sai ya ɗora rai a kan wata fara mai ƙofa biyu, ta hannu, daga Japan. Wata uku yana kallon hotonta har a wajen cin abinci.

A bayan babbar mota aka kawo ta, aka sauke a tsakar gida. Kyau kam ba a magana. Da an tayar da ita sai muryar wata mace ta yi 'yar magana da Japananci, ba wanda ya san me take cewa.

Abin da Fintan bai auna ba shi ne hanyar gidanmu. Daga ƙofa zuwa kwalta rabin mil ne, tayoyin tarakta sun cinye gefe da gefe, tsakiya ta yi tozo. Ita kuwa motar, mai ita na farko ya sauke ta ƙasa, tsakanin cikinta da turɓaya yatsu huɗu. Ko shinge bai wuce ba ta hau tozon ta zauna, tayoyi na juyawa a banza. Da igiya muka jawo ta baya.

Ya roƙi Baba ya sa tarakta ya baje hanyar, aikin yini guda. Baba ya ce sai tumaki sun gama haihuwa. Suka gama, ya ce sai ƙasa ta bushe, makullin taraktar kuwa yana aljihunsa. Mai gareji ya ɗaga wa Fintan ƙafa sau biyu, sannan ya ce Litinin ce ta ƙarshe. Yaron ya ɗauki diga da shebur. Kwana uku, taku ashirin kacal ya baje, hannuwa duk sun saɓule.

Ranar Asabar na gaji, na samu Baba a garke.

"Baba, wai ba ka tausayin yaron nan ne?"

Bai ɗago ba. "Na taɓa baje hanyar nan, Nuala. Ranar da yayanku zai tafi Ostireliya, don tasi ta iya shigowa har ƙofa."

Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Shekara tara ke nan. Kin ga ya biyo ta ya dawo?"

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na fita ban ce komai ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Litinin da sassafe Fintan ya sa rigar aikin da ya goge, ya shiga motar, ya tayar. Matar ta yi maganarta. Ina leƙensa ta tagar kicin, bakwai ta wuce, takwas ta wuce. Sai ya kashe, ya fito, ya tuɓe rigar ya ninke a kan kujerar direba, ya ɗauki bokitin dusa ya nufi garke.