Majigi a Siton Katifa

A wurin aiki Almakashi suke kirana, don ni ce mai tace fim. In an gama ɗauka, ni ake kawo wa komai in yanke, in haɗa, in jera har ya zama labari. Na daɗe a babban kamfanin shirya fina-finai na ƙasarmu, kuma in gaskiya za a faɗa, fim ɗaya muka yi ta yi tun da na shiga. Suna kawai ake canzawa, da launin labulen falo. Attajiri ya yi fushi da ɗansa, ɗan ya bar gida, uwa ta yi kuka, a yi waƙa a gindin bishiya, uban ya kwanta a asibiti, a yafe wa juna. Ko idona a rufe na san inda zan yanke.

Uwar da ke kukan nan kuwa, mace ɗaya ce kusan kullum. Tun ina yarinya sunanta na yanka ya ɓace. Kowa Uwar Hawaye yake ce mata, har masu awo a kasuwa. Mu na cikin sana'a Mama muke cewa.

Abokin aikina Dogo, mai ɗaukar sauti, shi ya fara tayar da zaune tsaye. A ranakun hutu ya aro kyamara ya shirya wani fim nasa, labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar bas, ta ƙi sayarwa, ta ce sai ta koyi tuƙi. Ya je ya durƙusa gaban Mama ya roƙe ta ta fito a ciki, ta kuwa amsa. Ni na tace masa a gida. Da ya kai wa kwamitin Ƙungiyar masu shirya fim, wadda sai da yardarta sinimomi ke haska abu, ko rabi ba su kalla ba suka kashe.

"Ba waƙa, ba saurayi, kuma Uwar Hawaye tana dariya?" in ji shugaban kwamitin. "Wa zai bar gidansa ya zo kallon wannan?"

Dogo ya dawo ɗakin tacewa ya zauna a ƙasa, ƙafafunsa har bakin ƙofa. Muna shan shayi yake ba ni labarin waɗanda ya tarar a barandar ofishin Ƙungiyar, kowa riƙe da fim ɗin da aka ƙi: wata nas, wani malamin makaranta, wasu ɗalibai.

Na ce, "To mu tara su mu haska da kanmu mana. Mu yi namu bikin."

Da wasa na faɗa. Dogo bai yi dariya ba.

Muka kama zaure a cibiyar taro ta gari, muka buga takardun talla, muka bi makarantu da tasha muna liƙawa. Saura 'yan kwanaki sai manajan cibiyar ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, wai za a fara gyaran rufi. Ranar dai sanarwar Ƙungiya ta zagaya wayoyin 'yan sana'a: duk wanda aka ga ƙeyarsa a bikin nan za a dakatar da shi. Na san ruwa ba ya tsami banza. Na kira Mama na roƙe ta kada ta zo. Ta ce, "To, 'yata," ta kashe waya.

Kamar yadda na saba in duniya ta yi mini zafi, na wuce shagon Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Katifa yake sayarwa. Na same shi yana danna wata da gwiwar hannu yana nuna wa wani ango cewa ba ta lotsawa. Sai da ya sallame shi ya dube ni.

"Wa ya mutu?"

"Biki ne ya mutu, Baffa."

Na kwashe komai na gaya masa. Baffa bai taɓa kallon fim ya kai ƙarshe ba. Ya ce da zarar an kashe fitila shi ma tasa fitilar take mutuwa. Ban zo don ya yi wani abu ba, na zo ne in sauke abin da ke raina. Ya saurara yana sosa gemu.

"Wai shi zauren nan, me ke cikinsa da babu a wani wuri?"

"Faɗi, Baffa. Da duhu."

"Duhu kike nema? Tashi mu je. Ina da duhun da ko ɓera sai ya yi lalube."

Ya ɗauki makullai ya zagaya da ni bayan shago, ya buɗe sitonsa. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ba taga ko ɗaya, katifu jibge har kusa da sama, ko'ina warin sabuwar leda. Rana tsaka ce, amma da ya tura ƙofa ko tafin hannuna ban gani ba.

"Baffa, kayanka fa? Kuma mutanen nan suna da dogon hannu."

"Hannunsu ya kai katifa? Ni ba na cikin ƙungiyar kowa. In sun so su dakatar da ni daga yin barci."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce in daina tsayuwa kamar an dasa ni, in kira dogon yaron nan.

Da Dogo ya zo ya tafa hannu sau ɗaya, ƙarar ta yi ta yawo a rufin kwano. Ya ɓata fuska. Can ya dubi katifun, ya roƙi a jingine su a tsaye jikin bango, a ɗaure wasu a sama. Ma'aikatan Baffa suka yini suna ɗagawa suna tsokanarsa, wai ga mai yi wa bango shimfiɗa. Da aka gama ya sake tafawa. Ƙarar ta tsaya cak inda aka yi ta. Ya ce ko a kamfani bai taɓa samun ɗaki mai kyan sauti haka ba.

Gwaggo, matar Baffa, ta haɗa fararen zannuwan gado a kekenta ta ɗinka mana allo, tana mita wai za mu sa a ce gidanta ba zanin gado. Malamin makarantar nan ya kawo bencuna. Nas ɗin ta aro fankoki. Muka ja janareto can nesa da doguwar waya don kada ƙararsa ta shigo. Muka bi takardun tallan nan muka gyara adireshi da biro.

Ranar farko mutane ba su cika benci uku ba, kuma rabinsu masu sayen katifa ne da Baffa ya tasa ƙeyarsu, ya ce ba zai ɗaure musu kaya ba sai sun kalla. Ba duka fina-finan ne masu kyau ba. A wani, sandar makirufo ta yi ta leƙowa daga sama har 'yan kallo suka fara gaishe ta. Amma da aka sa na nas ɗin, wanda ta ɗauka a ɗakin jiran asibiti, wani dattijo ya miƙe ya ce wallahi haka ya zauna a kan irin bencin nan da matarsa, bai san ana sa irin wannan a fim ba. Washegari ya dawo da maƙwabtansa.

A rana ta ƙarshe za mu haska fim ɗin Dogo da la'asar. Tun kafin lokaci layi ya kai bakin titi, har da 'yan sana'armu da suka zo suna raɓe-raɓe, wasu da hula har gira. Sai ga Sakataren Ƙungiya. Ya tsaya a bakin ƙofar sito, ya ɗaga waya ya fara ɗaukar hoton duk wanda zai shiga. Nan take layi ya fara tsinkewa. Na ga wani mai yi wa 'yan fim kwalliya da muka yi shekaru tare ya juya kamar ya yi mantuwa. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali.

Ina tsaye na rasa abin yi sai wata tasi ta tsaya. Mama ta fito a hankali, ta gyara mayafi, ta tako har gaban Sakatare.

"Ɗana, hoto kake ɗauka?"

Ya sauke wayar. "Mama, ai ba da ke ba..."

"A'a, ɗauki. Amma zagayo ta nan, ta wannan gefen na fi kyau. In za a dakatar da mutum, a dakatar da shi da hoto mai kyau."

Ta dafa ƙugu ta yi masa murmushi. Wani ya fashe da dariya a baya, sai kowa ya ɗauka. Mai kwalliyar nan ya dawo ya tsaya kusa da ita ya ce a haɗa da shi. Kafin ka ce me, mutane sun yi cincirindo a bayanta kamar hoton ɗaurin aure. Sakatare ya ɗauka, don ba yadda zai yi.

Na rungume ta na ce, "Mama, ba na ce kada ki zo ba?"

"Na ce miki to. Ban ce ba zan zo ba."

Sito ya cika har wasu suka zauna a ƙasa. Na ajiye Mama a benci na gaba na zauna gefenta. Dogo ya kunna majigi. Da fuskarta ta fito a kan zannuwan Gwaggo, na ji mata a baya suna gyara zama, wata har ta ciro hankici tana jira. Suna ta jira. Aka zo inda dattijuwar ta shiga bas ɗin karon farko, ta nemi yin gaba sai motar ta yi baya da ita, ta rushe kejin kajin maƙwabci, kaji suka cika motar, ɗaya ta hau sitiyari. Dattijuwar ta dubi kazar, ta kifa kai ta yi ta dariya har tana buga cinya. Sai sito ya ɗauka. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, ta mutanen da suka zo da shirin kuka.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta riƙe gam, idonta a kan allo.

"Ashe haka muryata take in ina dariya," ta ce a hankali. "Ban taɓa jin ta a lasifika ba."

Da aka kunna fitila mutane suka miƙe suna tafi. Wata mata mai goyo ta ce ita ma mijinta ya bar mata babur mai ƙafa uku yana nan yana tsatsa, gobe za ta sa a duba shi. Na waiga na hango Baffa a jingine da katifa, idonsa biyu. Ya ce kada in yi murna, tsayuwa ce ta hana shi barci. Amma ya tambayi Dogo ko matar ta samu lasin daga baya, don fim ɗin bai faɗa ba.

Ƙungiya ta cika alkawarinta. Aka dakatar da Mama da Dogo da wasu da dama. Ni kuma kamfani ya ce in huta a gida har sai an neme ni, ba a kuwa neme ni ba. Sinimomin gari suka ci gaba da haska attajiri da ɗansa. Sai dai wani mai ƙaramar sinima a bayan tasha, wanda dama ba sa ga maciji da Ƙungiyar, ya karɓi fim ɗin Dogo yana sawa da rana, lokacin da ba ya samun kowa. Matan kasuwa suka riƙa cika masa wuri. Daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba aka fara aiko mini da fina-finai, ana tambaya yaushe ne bikin baɗi. Baffa ya ce in dai sito ne, yana nan.

Abin Mama ne ya tsaya mini a rai. Mace mai shekaru, an raba ta da aikin da ta sani, kuma ta dalilinmu. Na daɗe ina jin nauyin zuwa. Wata safiya dai na daure na je. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, da tabarau a hanci, takardu baje a gabanta. Na durƙusa na gaishe ta, na fara jero godiya da ban haƙuri a haɗe, har na rasa wanne nake yi.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kin gama? To matso. Tun da aka dakatar da ni ban huta ba. Yaran nan da suka haska fim a wurinku kullum sai sun yi sallama, kowa da labarinsa. Wannan so yake in fito alƙaliya. Waccan kuma, nas ɗin nan, wai shugabar ɓarayin shanu."

"Wanne za ki yi, Mama?"

"Duka, in Allah ya ba da rai. Amma ɓarauniyar nan ta fi shiga raina."

Ta miƙo mini wasu shafuka, ta nuna mini layi da yatsa.

"Ke ce ɗan sandan da ya kama ni. Karanta da ƙarfi, kuma ban da tausayi."

Na gyara zama na karanta. Ta cire tabarau, ta ƙanƙance ido, ta dube ni sama da ƙasa, ta ba ni amsa da wata murya mai kaushi da ban san tana da ita ba, har jikarta ta leƙo daga ɗaki ta ga ko lafiya.