Jawabi Biyu a Aljihun Evert

Yayana Evert mutum ne da ko gishiri ka ce ya miƙo maka, sai ya fara gaya maka ra'ayin masu goyon baya da na masu adawa. Tun muna yara haka yake. Mahaifinmu yana sayar da cuku a kasuwa, Evert yana tsaye a bayansa yana yi wa masu saye bayanin haƙƙinsu idan sikeli ya yi ƙwange. Da Baba ya gaji, sai ya tura shi jami'ar Leiden karatun shari'a, ko a samu a yi ciniki cikin kwanciyar hankali. Can ya zama farfesa, ya rubuta littattafai masu kauri a kan tsarin mulki, har jam'iyyarsa ta kai shi Majalisar Dattawa. Ni kuwa Riet, ƙanwarsa, ni na gaji rumfar cuku. Ban taɓa karanta littafinsa ba, amma guda ɗaya yana tallafe da ƙafar teburina da ta gaza tsawo.

Abin da aka fi tuna shi da shi a majalisa shi ne jawabinsa a kan lambar Sarki, wadda magajin kowane gari yake maƙala wa mutane a ƙirji ana gobe bikin ranar Sarki. Evert ya miƙe ya ce bai kamata a riƙa bai wa 'yan siyasa da farfesoshi ba, tunda ana biyan su don aikin da suke yi. A bai wa waɗanda suke wahalta wa jama'a ba a biyan su, in ji shi. Aka yi ta tafi. Ya yi ritaya, shekaru suka yi ta wucewa, babu wanda ya ba shi komai. Karo na farko ke nan da gwamnati ta ji maganarsa, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai, ko da yake da ya faɗa gara ya haɗiye harshensa.

Wata safiya a farkon Afrilu sai ga Femke, 'yar Evert da matarsa Jantien, a rumfata, tana waige-waige kamar wadda ta sato wani abu.

"Goggo Riet, an amince. Mama za a ba lambar Sarki."

"Jantien?"

"Ita fa. Amma kin san halinta. In ta ji, wallahi ranar za ta kwanta ta ce ciwon kai."

Gaskiyar Femke. Ka'ida ce wanda za a bai wa lambar kada ya sani, dangi ne za su san dabarar da za su kai shi zauren gari cikin kayan kirki. Jantien kuwa mace ce da ko ranar haihuwarta tana kicin tana yanka wa mutane kek.

"Na ce mata Baba za a ba," in ji Femke. "Don shi za ta zo, har da kwalliya."

"Shi kuma fa?"

"Kada ki kuskura! Baba zai fara da, 'Ba zan ce komai ba, amma,' kafin ya kai ƙarshen amma ɗin duk unguwa ta ji."

Abin da Femke ta manta shi ne uwarta ba ta iya ɓoye farin ciki ba. Jantien ta kai baƙar kwat ɗinsa wanki. Ta tura shi aski. Idan yana cin abinci sai ta tsaya tana kallon sa tana murmushi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tono abin da ministoci suke ɓoyewa, ai wannan ba ta yi masa wuya ba. Kafin mako ya zagayo sai ga shi ya jingine kekensa a jikin rumfata.

"Riet, tambaya ce ta ilimi kawai."

"Cuku nake sayarwa, Evert."

"A ce wani mutum ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa irinsa bai cancanci wani abu ba. Sai ga shi za a ba shi abin. Ya karɓa ko ya ƙi?"

"Wannan mutumin, hancinsa irin naka ne?"

Bai ko yi dariya ba. Ya ce ya rubuta jawabi biyu. Na ƙin karɓa cikin ladabi zai sa a aljihun dama, na karɓa cikin tawali'u a na hagu, in ya so a ranar sai ya ga wanda zuciyarsa ta ba shi. Idanunsa suna ƙyalli kamar na yaron da ya hango kyautarsa a bayan kabad. Sai na ji tausayinsa, sannan tsoro ya kama ni. Na san Evert. In ya ji kunya a gaban mutane, fuskarsa takan rufe ruf, ya yi kwanaki yana magana da kai kamar alƙali. Jantien kuma za ta jefa lambar a ƙasan durowa, ta ƙare rayuwarta tana ba shi haƙuri a kan abin da ba laifinta ba. Rana guda ce tak a duniya aka ce tata ce, kuma yayana yana iya ɓata ta ba tare da ya buɗe baki ba. Na buga wa Femke waya na ce mu gaya masa. Ta ce in na gaya masa ba ita ba ni.

Ranar ta zo da ɗan yayyafi. Muka jera kekuna a gaban zauren gari, Jantien tana ta kaɗe masa kafaɗa tana gyara masa wuyan riga. Ta sa shuɗiyar rigarta ta bikin Femke. A ciki an jera kujeru, ga kofi, ga kek mai launin lemo. Evert ya zaɓi bakin layi don fita ta yi masa sauƙi.

Magajiyar gari ta fito da sarƙar muƙaminta a wuya. Ta kira wani tsoho mai gyaran agogon coci. Ta kira wata mai koya wa yara iyo. Ina kallon hannun Evert, yana zuwa aljihun dama, ya dawo na hagu.

"Sai kuma gidan Kalkman," in ji magajiya.

Sunan gidanmu ke nan. Evert ya dafa gwiwa ya fara miƙewa.

"Uwargida Jantien Kalkman."

Ya tsaya a nan, bai miƙe ba, bai zauna ba, kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Magajiya ba ta lura ba, ta ci gaba da bayani. Ta ce akwai gidan nan na bakin kogi, inda ake kai marasa lafiyar da likitoci suka gama nasu. Kowace Talata, kusan shekara talatin, Jantien tana can. Tana zama da waɗanda ba su da kowa, ta jiƙa musu leɓe, ta riƙe musu hannu har lokacinsu ya yi.

Evert ya karkato wajena. "Riet, ba ƙungiyar waƙa take zuwa ranar Talata ba?"

"Ƙungiyar waƙa ta watse tun Femke tana firamare."

Jantien kuwa ta tashi, fuskarta ta yi jawur. "Magajiya, ki yi haƙuri, an yi kuskure. Mijina ne. Ga shi nan, har aski ya yi."

Wasu suka yi 'yar dariya. Evert ya ƙarasa miƙewa. Hannunsa ya shiga aljihu. Na ce shi ke nan, yau za mu sha tsarin mulki. Femke ta damƙe mini hannu har na ji zafi.

Ya fito da hannun babu komai a ciki. Ya miƙa shi ya karɓi jakar matarsa.

"Jantien," ya ce, da muryar nan tasa ta majalisa, "duk rayuwata kuskuren gwamnati nake nema, kuma ban taɓa rasawa ba. Wannan babu kuskure a ciki. Je ki, ana jiran ki."

Tun da uwarmu ta haife shi ban taɓa jin ya yi magana gajeriya haka ba. Jantien ta tafi tana kuka, magajiya ta maƙala mata lambar, ni ma na yi nawa kukan ba kunya.

Wajen shan kofi yana tsaye a gefe da jakar mata a hannu. Mutane suna zuwa suna wuce shi. Wata mata ta tsaya ta dube shi.

"Kai ne mijin Jantien?"

"Ni ne."

"Ita ta zauna da mahaifina. Ina kan hanya ban iso ba. Ka yi dace, malam."

Ya gyaɗa kai kawai. Tsohon ɗan Majalisar Dattawa, ko sunansa matar ba ta tambaya ba.

A waje muna buɗe makullan kekuna na ji shi yana tambayar ta a hankali.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ina gaya maka mana. Duk Talata in na dawo, kana karatun jarida."

"Me nake cewa?"

"Kakan ce, 'To madalla.'" Ta gyara lambar a ƙirjinta, ba ta kalle shi ba. "Har ranar da na ce maka mun rasa mutum biyu, haka ka ce."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma Jantien ba ta iya faɗa ba. Evert ya daɗe yana kokawa da makullin kekensa, makullin da tuni ya buɗe.

Talatar da ta biyo, da rana, sai ga shi a rumfata da jakar cefane rataye a kan keke, ganyen albasa yana leƙowa. Ya tambaye ni ko dankali a ruwan sanyi ake sa shi ko sai ya tafasa. Na gaya masa. Ya ce ƙarfe shida Jantien take dawowa, kuma jaridar yau ya ba maƙwabci. Na buɗe baki zan tsokane shi, don na tanadi maganganu tun ranar, sai na ga yana ta kallon cukun da ke gabana ɗaya bayan ɗaya.

"Riet," ya ce, "wanne take so?"

Shekara arba'in da wani abu suna cin abinci a teburi ɗaya. Na ɗauko mai kanumfari na yanka masa babba, na naɗe, na miƙa masa.