Soson Katifa a Cikin Bonet

Obum, mai fentin mota a Tudun Wada, gwani ne a aikinsa, sai dai kunnen ƙashi gare shi. Mama Theodora ta ba shi gyaran tsohuwar Fijo 404 ta marigayi mijinta. Burinta ɗaya ne: motar da ta kai ta coci ranar aurensu ta sake kai ta ranar Lahadi, wajen addu'ar cikarsa shekara guda da rasuwa.

Garin aiki Obum ya yage tsohon bargon tare zafi da ke manne a cikin bonet, wato murfin inji, don ɓeraye sun mai da shi gida. Ya fesa shuɗin fenti, ya ta da inji, sai ga bonet ya yi ƙuraje. Fentin da ya rage na shafi ɗaya ne, kuma duk Jos babu irin kalar. Ya kankare, ya sake fesawa, sannan ya ruga wurin Baba Isa, tsohon makanike.

"Baba, zafin inji zai sake cinye min fenti! Ina zan samu bargo?"

"Ba bargo ne matsalarka ba, Obum. Ɗanyen fenti ka gasa, a wannan sanyin namu da ba ya barin abu ya bushe. Bar shi ya sha iska."

To amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Obum ya yanka soson katifarsa, ya lafta masa gam, ya manna a cikin bonet.

Lahadi da safe ya kai motar ƙofar gidan Mama a Anguwan Rukuba, ya bar ta a kunne ta ɗumama kamar yadda aka saba. Soso ya narke, ya zubo kan inji, hayaƙi ya turnuƙe. Kafin ya kashe ta, wayoyi sun ƙone ƙurmus. Fentin kuwa yana nan yana ta sheƙi.

Mama ta fito cikin farin leshi, rungume da hoton mijinta. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Obum, motar ba zai tashi ba?"

Ya durƙusa, hawaye na zuba. "Mama, ki shiga, don Allah. Ki riƙe sitiyari kawai."

Cocin tana can saman tudu. Obum ya tuɓe takalmansa, ya kafa kafaɗa a bayan motar, ya fara turawa.